Rufin Tsohon Kulob a Yerwa

Motar da ta ɗauko ni daga Kano sau uku tana mutuwa kafin mu ga Yerwa. A Wudil taya ce ta fashe, a Kari inji ya ɗau zafi, a gaban Damaturu kuwa ta tsaya cak ta ƙi ko da tari, sai da muka kwana biyu a gindin wata tsamiya muna jiran a kawo wani ƙarfe daga Potiskum. Ina zaune a kan huhun goro, jakar kayan aikina tsakanin ƙafafuna, ina ta yi wa direba masifa kamar ni na saya masa motar. Shekara biyu ke nan da samun mulkin kai, farkon bazara, zafi ya fara nuna hali.

Sunana Ilu. Magini ne ni, ɗan magini, jikan magini. Da ƙasa muke gini a gidanmu, tubali da azara da makuba, kuma ba abin da ya fitar da ni daga Kano sai siminti. Duk wanda ya samu abin hannu sai ka ji ya ce bulo yake so da kwano. Aka ce mini a Barno ana ta gine-gine, jirgin ƙasa ma yana hanya. Na ce to, bari in je in gani.

Ina sauka a tasha wani mutum mai farar riga ya tare ni da Hausar Kano tsantsa. Wallahi bayan kwana huɗu a hanya, jin wannan harshe kaɗai sai da ya sa idona ya yi ruwa. Ya tambayi unguwarmu, na faɗa, ya ce ai kakarsa ma 'yar can ce. Ya ce akwai wani ɗan kwangila a Ji'ar'e, unguwar Turawa, da ke neman magini ido rufe, amma ba zan je masa a haka buɗu-buɗu ba. Ya nuna mini masallaci ya ce in je in watsa ruwa in yi salla, shi zai riƙe mini jaka. Na fito babu shi babu alamarsa. Har la'asar ina zaune a wurin ina ba shi uzuri, ina cewa wataƙila ya je kiran ɗan kwangilar ne. Riguna biyu, igiyar awo, cokalin gini, da gizagon mahaifina wanda ƙotarsa ta lotsa daidai tafin hannunsa, duk suna cikin jakar. Gizagon nan har yau in na tuna shi sai na ji zafi.

Wani ɗan ƙabilar Ibo, Oga Emeka, mai shagon kayan gini kusa da Kasuwar Litinin, shi ya fara tausaya mini. Ya gan ni kwana biyu ina raɓe a barandarsa, ya kira ni ya ba ni tabarma da rabin burodi, ya ce in riƙa kwana nan ina sa masa ido a kan kaya. Kayan kuwa mene ne? Siminti da kwano. Ka ga ikon Allah, abin da ya koro ni daga gida shi na zo ina gadi.

Makonnin nan na sha kewa. Ruwan garin ya yi mini wani iri a baki, gaisuwarsu ba na ganewa, in na ce sannu a ce mini "wushe", in aka ji Hausata sai a yi murmushi a ce "Afuno", wato Bahaushe. Ina tuna matata Asabe da 'yar da na bari tana rarrafe, sai in ture kwanon tuwo gefe. Abin da ya riƙa rage mini zafi yawon kallon gini ne. Mu a Kano lungu muka sani, wanda jaki biyu ba sa giftawa tare. A nan kuwa tituna faɗi-faɗi, darbejiya jere hagu da dama, ga Dandal fili fetal har ƙofar fada. Sai kuma jan bulon nan ƙonanne da suke yin zaure da shi, wanda aka ce mini mutanen Wadai ne suka fi ƙwarewa a kansa. Sai in tsaya ina shafa bangon mutane, masu gida na leƙowa suna kallona kamar mai taɓin hankali.

Wata safiya Oga Emeka ya ce, "Malam Ilu, akwai wata mata da ta hana ni ciniki. Yayanta ya zo ya auna kwano, ita ta ce a'a, rufin ƙasa take so a gyara. Je ka gani. In ka iya, ka samu aiki. In ka kasa, kwanona yana nan, ba ya ruɓewa." Ya yi dariya, ya ara mini tsani.

Ginin yana bakin Ji'ar'e. Tsohon kulob ne na Turawa, sun gina sabo sun bar shi shekaru yana tara jemagu. Bangonsa jan bulo ne mai kauri, sai ka miƙa hannu har kafaɗa kafin ka taɓo bayan taga. Ga baranda zagaye da shi. Amma da na shiga babban ɗakin na ɗaga kai, sai na cire hula ban sani ba. Ɗaurin guga ne, irin namu, bakuna huɗu sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, an jera azara a tsakaninsu ƙyas-ƙyas kamar saƙar faifai. A waje rana na dukan mutum, a ciki kuwa sanyi kamar ka leƙa randa. Sai dai ruwa ya yi wa bangon zane baƙi-baƙi ta ko'ina.

Matar sunanta Falmata, amma Ya Falmata ake ce mata don girmamawa. Doguwa ce, ta kai hamsin, duk inda ta gifta sai ta bar ƙamshin turare. Mijinta ya rasu, kuma shi ne ya yi shekara ashirin yana dafa wa Turawan abinci a kulob ɗin. Ita tuwo take sayarwa a Kasuwar Shanu. Yayanta Alhaji Modu, dillalin shanu, shi ya karɓar mata hayar ginin don ta mai da shi gidan abinci.

Ta ce, "Afuno, mijina ya sha gaya mini duk Yerwa babu inuwa irin ta ɗakin nan. Ina so mahauci da ɗan tireda su zauna su ci abinci ba su yi gumi ba. In aka sa kwano, tanda zai zama. Za ka iya?"

Na ce, "Ya Falmata, a cikin irin wannan aka yanke mini cibiya."

Alhaji Modu bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, ni ba na son rufi ya faɗo wa mutane a kan akushi. Ruwan farko nake jira. In ɗigo ɗaya ya sauka a ɗakin nan, a rushe a sa kwano. Falmata, kin ji?" Ta ce ta ji.

Na hau sama. Azara lafiyarta ƙalau, giginya ce mai kyau, gara ba ta taɓa ta ba. Ƙasar kai ce kawai za a kwashe a sake. Na ɓantaro wani ɓangare na murza a hannu, sai na ji yashi, gurus-gurus. Kai! Raina ya ɓaci nan take. A Kano, maginin da ya zuba yashi a ƙasar gini don ta yi auki macuci ne, in aka kama shi ko gaisuwa ba a yi da shi a unguwa. Mahaifina ya taɓa marina a kan cikin tafi ɗaya na yashi da ya gani a kwaɓi. Saboda haka daga can saman na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ga dalilin yoyonku! Duk wanda ya yi rufin nan macuci ne, rabin ƙasar yashi ce!"

Akwai wani tsoho siriri mai farin rawani da ke zama kullum a gindin darbejiyar ƙofar ginin. Ana kiransa Baba Adam. Na ɗauka cikin masu zuwa cin sadakar Ya Falmata ne. Ya ɗago kai ya ce da 'yar Hausarsa, "Ɗana, ƙasar nan tana son yashi."

Na ce, "Haba Baba, ba inda ƙasa ke son yashi a duniya. Ka bar wa masu sana'a sana'arsu."

Na ga leburorin da aka ɗauko mini sun sunkuyar da kai, na ɗauka kwarjinina ne.

Na fita neman ƙasa mai danƙo, na samu wata baƙa a gabas da gari, wadda suke kira firgi. Da na jiƙa ta na ja, sai ta miƙe a hannuna kamar ƙullun alkaki. Na ce alhamdu lillahi, ga ƙasa a ƙofar gida mutanen nan ba su san darajarta ba. Jakunan Alhaji Modu suka yi ta jigila. Muka cuɗa da kashin doki da ciyawa, muka tattake, muka bar ta ta ruɓa, sannan muka shimfiɗa. Ranar da muka gama, rufin ya yi sumul yana ƙyalli, na tsaya a kai hannu a ƙugu ina kallon Yerwa sai ka ce ni na kafa ta.

Kwana uku rana ta yi a kansa. A na huɗu na hau da safe. Rufin ya dare ko'ina, ya yi faso kamar dugadugan manomi. Wata tsagar har hannuna na zura ya shige zuwa wuyan hannu. Alhaji Modu ya hau tsanin da babbar rigarsa, ya leƙa, ya sauka. Kafin azahar sai ga amalanke da bandir-bandir na kwano daga shagon Oga Emeka, aka jibge a baranda.

Ya Falmata ta tsaya a ƙofa ta ce, "Yaya, ruwan farko muka yi da kai, ba tsagewar farko ba." Suka yi ta yi da Barbarci, ban ji ko kalma ba, amma na ga ya kaɗa riga ya tafi, kwanon kuma ya zauna a inda yake.

Na koma bayan ginin na zauna. Gaskiya tasha nake tunani. Sai ga ta da kwanon burabusko da miyar bandar kifi, kamar yadda take kawo mini kullum, ba ta rage ko loma ba. Ta ajiye ta ce, "Ci." Na kasa.

Ta ce, "Afuno, ka san wa ka zaga ran nan?"

Na ce a'a.

"Baba Adam shi ya ɗora bulon ginin nan da hannunsa, shi da 'yan'uwansa daga Wadai. Wani Bakano ya ɗaure azarar, amma ƙasar kai shi ya kwaɓa. Sama da shekara talatin ke nan."

Inna lillahi! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Wa ka bari ya yi magana?"

Ta koya mini yadda zan je. In sayi goro. In cire takalmi tun daga nesa. Kada in hau tabarmarsa, in zauna a ƙasa. Kada kuma in fara da abin da ya kawo ni, irin na Kanawa masu gaggawa, in yi ta gaisuwa har sai shi ya buɗe hanya. Na same shi a zaurensa a unguwar Mafoni bayan la'asar. Na zube, na sunkuyar da kai, ina tafa hannu a hankali yadda na ga suna yi, ina "wushe, wushe, lale". Ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Gwiwoyina suka yi tsami. Can ya ɓare goro ɗaya ya ba ni rabi.

Ya ce, "Ɗana, ka gano macucin?"

Na ce, "Na gano shi, Baba. Ga shi a gabanka."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi ma da ya zo garin nan yana saurayi haka ya yi, sai dai shi bai hau kan rufi ya yi shela ba.

Washegari da sassafe ya ja ni bakin kogin Ngadda, wanda a lokacin ya ƙafe sai yashi. Ya sa na cika kwando. Muka dawo ya dunƙula curi uku: ɗaya firgi zalla, ɗaya da yashi kaɗan, ɗaya kusan rabi da rabi da ɗan garin ƙasar suri. Ya jera su a kan katanga ya ce mu bar wa rana ta yi hukunci. Kafin kwana biyu na farko ya dare gida huɗu, na biyu ya yi zane, na uku kuwa ko a jikinsa. Ya ce firgi in ta sha ruwa kumbura take, in ta bushe ta tsuke, yashi ne ke riƙe mata hankali. Jar ƙasarmu ta Kano da tsakuwarta ta zo daga wurin Allah, shi ya sa ba ta son ƙari. Sannan ya lakato kwaɓin ya sa mini a baki ya ce in tauna. In haƙori bai ji gurus-gurus ba, ba ta yi ba. Ni da aka mara a kan yashi, ga ni a Barno ina taunarsa.

Ya kuma nuna mini ainihin abin da ya kawo yoyon. Ba ƙasarsa ba ce. Indararo huɗu ne a rufin, duka sun toshe da ganyen darbejiya da kashin jemage tun da Turawa suka tashi, ruwa ya rasa hanya ya riƙa kwana a sama. Sanda na zura, na ga abin da ya fito da idona.

Muka kwashe aikina kaf muka sake. Lokaci ya ƙure, kullum da yamma gabas sai ta haɗa baƙi ta watse. Baba Adam ba ya iya hawa, yana zaune a ƙasa, duk kwandon da za a ɗaga sai ya taɓa. Ya hana ni shimfiɗawa da kauri, sai siriri-siriri, a daddaɓe, a bari ya sha iska, a ƙara wani. Abu ɗaya ne nawa a ciki, makuba. Na roƙi Alhaji Modu ya sa masu zuwa sayen shanu wajen Biu su taho da ɓawon ɗorawa. Ya yi tsaki, amma ya sa aka kawo. Na jiƙa, na tace, na shafe rufin da ita sau biyu har ya yi ja ya yi santsi. Baba Adam ya shinshina hannuna ya ce, "Wannan kam ba mu da shi." Rabon da in ji daɗin magana irin wannan tun ina Kano.

Ita kuwa Ya Falmata ba ta zauna jira ba. Dogon kantar katakon da Turawa ke sayar da giya a kai ta sa aka wanke da toka da ruwan zafi har sau bakwai, malami ya yi addu'a, ta jera tukwanen miya a kai. Akwai wani ƙaton tebur mai shimfiɗar dutse da suke buga ƙwallo da sanda, ta sa aka yaye koren ƙyallen, ya zama wurin gyaran kifi. Filin da suke wasan ƙwallon raga ya koma turken jakuna. Ta fara sayar da abinci a baranda, mahauta da direbobi da akawuna suka yi ta zuwa. Amma babban ɗakin ba mai shiga. Labarin tsagewar ya zaga gari, kowa gara ya zauna a gefen bandir ɗin kwano yana gumi.

Ranar wata Talata, bayan la'asar, iska ta taso ta kwantar da darbejiyu, gari ya yi duhu, sai ruwa. Ba yayyafi ba, ruwa na sosai mai ƙanƙara. Mutane suka cunkushe a baranda riƙe da kwanukansu, feshi na dukansu, amma ba wanda ya taka ƙofar ɗakin. Alhaji Modu ma yana nan, ya naɗe hannun riga yana kallona.

A gidanmu, in ruwan farko ya sauka, magini a ƙarƙashin rufinsa yake zama. In zai faɗo, shi zai fara samu. Na ɗauki tabarma na shimfiɗa a tsakiyar ɗakin, daidai inda bakunan suka haɗu, na zauna. Ina jin ruwa na dukan sama dim-dim, indararo huɗun na zubarwa kamar an ɓalle famfo. Can sai na ji takun sanda. Baba Adam ne. Ya zo ya ce in matsa, ya zauna a gefena ya jingina da buhun gero.

Na kafa wa rufin ido. Azara ɗaya-ɗaya nake bi, daga wannan baka zuwa wancan, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Wani abu ya gangaro mini a wuya na zabura, ashe gumina ne. Na duba kusurwar da ta fi baƙi, na duba saman taga, na sake dawowa tsakiya. Wuyana ya ƙage. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, na dai ga hasken ƙofa ya ragu, na waiga, Alhaji Modu ne a tsaye. Ya shigo a hankali, ya zaga ɗakin yana shafa daɓe da tafin ƙafa, kusurwa zuwa kusurwa. Ya ɗaga kai ya daɗe. Sannan ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Falmata, a kawo mini nawa nan ciki."

Sai mutane suka fara shigowa, ɗaya, biyu, sannan duka, kowa da kwanonsa, suna ɗaga kai suna "masha Allah". Ya Falmata ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta rufe baki da gefen mayafi.

Na juya in ce wa Baba Adam ya gani, ko ɗigo babu. Ashe tsohon ya daɗe da yin barci. Rawaninsa ya zame, bakinsa a ɗan buɗe, yana minshari a hankali, ruwa kuwa bai fasa dukan rufin ba. Na kai hannu zan taɓa shi.

Ya Falmata ta ce, "Afuno, kada ka tashe shi."